Fulawata mai ninki ta ƙi tashi

Amarya, Rayfield: Salamu alaikum. Jiya na gasa ƙananan fai na niƙaƙƙen nama da kwaɓin bota mai ninki-ninki. Botar ta tsiyaye, gindin ya jiƙe sharkaf. Ina na kuskure?

Uwargida, Bukuru: Ƙanwata, botarki ta yi laushi. Duk ninki ɗaya, mayar da kwaɓin firji minti 30. Ni da asuba nake murzawa, sanyin Jos na taya ni. Obin kuma ya kai digiri 200 kafin ki saka, minti 20 ya isa.

Anti, Farin Gada: Tumatir kika zuba ɗanye, ko? Soya naman da albasa har ruwan ya ƙone, ya huce. Ki caccaka tsakiyar kwaɓin da cokali mai yatsu.

Amarya: Wallahi ɗanye ne, Anti!