Neman shawara: wane faifan ajiya zan ƙara wa kwamfutata don bakof?

Mai tambaya, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon ɗaukar hoto, kuma duk aikina na biki da suna da saukar Alƙur'ani a kwamfutar tebur ɗaya yake. Makon jiya faifan ajiyarta, had-dis ɗin nan, ya fara wani ƙas-ƙas kamar agogon bango, kwana biyu kuma ya ƙi buɗewa sam. Hotunan wani biki da na ɗauka a cikin birni suna ciki, ban riga na ba masu shi ba. Uwar amarya ta zo da kanta ta zauna a bencin shago tana jira, na rasa bakin da zan yi mata bayani. Allah Ya taimake ni katin kyamara ɗaya ban goge ba, rabin hotunan suka tsira. Sauran sun tafi.

Yanzu na saka SSD, faifan nan mai sauri da ba ya juyawa, don Windows da aiki, ina so in ƙara faifai na biyu a ciki don bakof, wato ajiye kwafin aikina, kawai, 2TB ko 4TB. Wanne ne mai ƙarko? Kuma an nuna mini na hannu a kusan rabin kuɗi, in saya?

Mai gyaran kwamfuta, PZ

Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Na hannun nan ka bar shi, ni da nake wannan sana'a nake gaya maka. Faifai abu ne mai juyawa, sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, tsufa yake yi ko da jikinsa na sheƙi. Duk wanda za ka saya, a jona shi a gabanka a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. Za ta nuna awannin da ya yi yana aiki. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, to in ka ga 30,000 ka san ya haura shekara 3 ba hutu. In ta nuna ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, ajiye musu kayansu. Sai dai akwai masu goge wannan lissafi su liƙa sabuwar takarda, don haka ka ɗauki lambar jikinsa ka duba garantinsa a shafin kamfanin kafin ka biya.

Ɗalibi, Samaru

Yaya, ƙari a kan na Malam: ka tambaya CMR ne ko SMR, wato yadda ake jera rubutu a kan faifan. A CMR layukan rubutu ba sa hawa juna. A SMR layukan rubutu hawa juna suke kamar kwanon rufi, in za a gyara ɗaya sai an taɓa na kusa da shi, shi ya sa yake jan ƙafa idan aka loda masa kaya da yawa a lokaci guda. A 2020 aka gano wasu faifan WD Red na kamfanin Western Digital daga 2TB zuwa 6TB SMR ne, bayan hayaniyar kamfanin ya ware na CMR da sunan Red Plus. WD Red Plus, Seagate IronWolf da Toshiba N300 duk CMR ne, garantinsu shekara 3. WD Blue da Barracuda shekara 2 ne, kuma a cikinsu akwai SMR. Ni 4TB zan ce, hoton kyamarar yanzu ba ya da tausayin wuri. Kada ka tsorata in ya nuna 3.63TB, haka lissafin yake, kuma wajen haɗa shi a Windows a zaɓi tsarin GPT, in ba haka ba 2TB kawai zai ba ka.

Wani ɗan'uwa, Sabon Gari

Ni ban ga laifin SMR ga wanda zai zuba hoto ya bari ba. Jinkiri ne kawai. Rarar kuɗin ya sa a UPS, na'urar batir mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, don ɗauke wuta ana tsakar kwafi ya fi kashe mana aiki a garin nan.

Hajiya mai shagon buga takardu, Kongo

Ƙanena, duk abin da suka faɗa gaskiya ne, amma ka saurare ni, don ni na ɗanɗana. Faifai biyu gare ni a cikin kwamfuta ɗaya, ina ganin na gama tsaro. Ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi cikin damina, ƙaurin ƙuna kawai muka ji. Ta ƙone abin raba wutar kwamfutar, ta tafi da faifan duka biyun. Furojet ɗin ɗalibai ne cike a ciki, wata yarinya saura kwanaki ta miƙa nata, a gabana ta fashe da kuka. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Abin da ke akwati ɗaya ƙaddararsa ɗaya ce: wuta, ɓarawo, ko bairos mai kulle fayil. Ka saka na cikin, ban hana ka ba, amma ka nemi na waje mai USB. Duk Juma'a kafin ka tafi masallaci ka kwafe, ka zare, ka tafi da shi gida. Kuma kada ka goge katin kyamara sai hoton ya zauna wuri biyu. Lokaci-lokaci ka buɗe bakof ɗin ka ga hotunan suna buɗewa da gaske.

Mai gyaran kwamfuta, PZ

Hajiya ta gama magana. Abu ɗaya na manta: ka ɗaure faifan na ciki da sukurori huɗu kusa da fanka, kada a bar shi yana lilo a kan waya. Ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa, bayan hunturu a hure ƙurar, don zafin Maris da Afrilu ba ya raga wa faifai.

Mai tambaya, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni. Kuɗina ba zai kai duka ba, don haka zan ɗauki sabo CMR 4TB da UPS yanzu, na waje kuma in an biya ni aikin bikin Asabar in sha Allahu. Malam, gobe bayan azahar zan shigo shagonka a PZ da kwamfutar, da mataccen faifan ma, ko za a dace a ciro wani abu.