Yurik asid ɗin Baba ya sauka, amma yana ta ramewa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Babanmu shekararsa 63, wata tara ke nan yana wankin ƙoda sau biyu a mako. Da aka fara, gwajin jini ya nuna yurik asid ɗinsa 8.6. Wani maƙwabci ya ce shi ne ke cinye ƙoda, mu hana shi nama, kifi, wake da ƙwai. Muka bi. Yanzu ya dawo 3.2, har muka yi hamdala. To amma Baba ya zube, rigunansa sun yi masa yawa, sallah ma a zaune yake yi. Mun yi daidai kuwa? Raina bai kwanta ba.

Wata nas a sashen wankin ƙoda: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Fara da wannan: yaushe aka ɗebi jinin? Injin wanki yana kwashe yurik asid cikin sauƙi, don haka jinin da aka ɗiba bayan an sauke mutum daga inji zai nuna shi ƙasa sosai. Na kafin a ɗora shi ne abin dubawa.

In kuwa kafin wanki ne ya nuna 3.2, ni ban ga abin murna ba. Yurik asid wani datti ne a jini da ƙoda ke tacewa, daga sinadarin fiyurin yake fitowa, wanda jiki ke samu daga ƙwayoyinsa da kuma abinci irin su nama. Ga mai lafiya, yawansa na kawo gawut, wato kumburin gaɓa mai raɗaɗi, da tsakuwar ƙoda. Amma binciken da aka yi kan dubban masu wankin ƙoda ta jini ya nuna waɗanda nasu ya yi ƙasa sun fi shiga haɗarin rasa rai fiye da waɗanda nasu ya ɗan hau. Babban abin da likitoci ke dangantawa da hakan shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki: lambar ta faɗi ne saboda mutum ba ya ci. Ga shi kowane wanki yana tafiya da wani kaso na abin da ke gina tsoka. Shi ya sa ake son mai wanki ya ci furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, giram 1 zuwa 1.2 kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 60 na buƙatar giram 60 zuwa 72. Dokar rage nama ta masu ciwon ƙoda ce da ba su fara wanki ba, mutane ke ɗaukota su ɗora wa kowa.

Ki nemi a gwada albumin ɗinsa, wato wani furotin da ke cikin jini, a kuma haɗa ku da mai tsara abinci na asibitin a wannan makon.

Wani dattijo: 'Yata, shekara huɗu ina kan injin nan. Ni ma an taɓa mayar da ni ɗan koko da tuwo, har tashi ya gagare ni. Farin ƙwai dafaffe da kaza da kifi ɗanye da aka dafa ba gishiri da yawa suka dawo da ni. Hanta da ƙoda da kayan ciki ne na bari. Ki lura fa, kada a ce ya rame a cika shi da dabino da ayaba, sinadarin fotasiyam da ke cikinsu na iya taɓa zuciya. Ki zauna ki ci tare da shi, mu masu wannan ciwo ba ma son cin abinci mu kaɗai.

Wani mai harhaɗa magunguna: Ƙari kaɗan. Kada ku sayi allopurinol, maganin rage yurik asid, a kemis don lambar gwaji kawai. Mai ciwon ƙoda ana rage masa adadi, kuma yana iya haddasa mummunan ƙuraje da ɗayewar fata. In babban yatsan ƙafarsa ya kumbura cikin dare yana zogi, wataƙila gawut ne, likita za ku gani. Ku guji diclofenac da ibuprofen, maganin gawut na colchicine kuma inji ba ya fitar da shi, taruwa yake yi a jiki. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma a ajiye.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambayi yayana, ya ce kafin a ɗora Baba aka ɗebi jinin. Ranar Alhamis yake da wanki, zan tafi da takardun duka in ga likitan da kaina. Anti nas, kafin nan zan iya fara ba shi farin ƙwai biyu da safe?

Wata nas a sashen wankin ƙoda: Ki fara gobe, in Allah ya kai mu. Ki riƙa rubuta duk abin da ya ci da ruwan da ya sha har zuwa Alhamis, ki nuna wa likitan.