Kowa a gari Dokta yake ce wa ƙanina, yaron kuma yana ta ramewa

Ɗan Karkara:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ƙanina yana aji shida a wata makarantar kuɗi ta kwana a cikin Kano, mu kuma muna ƙauye wajen Ringim. Duk zango sai Baba ya fitar da buhunan riɗi ko ya kai maraƙi kasuwa kafin a biya, to shi ke nan kowa Dokta yake ce masa har su Inna. Makarantar ma ba sa ɗaga ƙafa, tes duk Asabar a manna sakamako a bango kowa ya ga na ƙarshe, lesin bayan la'asar, firef, wato zaman bitar karatu, har dare. Da ya zo hutu wallahi wuyansa har ya yi tsawo, tuwo loma biyu ya tsame hannu, tsakar dare na tarar da shi da tocila yana haddar Kemistiri yana share hawaye. Ya ce min shi karatun noma yake so amma ba zai iya kallon idon Baba ya faɗa ba. Ya zan yi?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Abin nan yana min ciwo. JAMB maki 400 ce, a 2025 cikin yara sama da miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, kuma ko yaro ya ci da yawa gurbin likitanci a BUK ko jami'ar tarayya ta Dutse kaɗan ne, don hukumar likitoci ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Wasu makarantun kuɗin sun san haka sarai, amma su dai a samu hoton yara a allon talla bakin titi, iyaye su yi ta kawo kuɗi.

Maman Biyu:
Ni fa ban ga laifin matsi gaba ɗaya ba. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977 da tsanani suka fitar da likitoci da injiniyoyi 'ya'yan talakawa, ga asibitocinmu na karkara babu likita. Amma yaron da ya daina cin abinci kam a kai shi asibiti a duba shi tukuna, karatu sai da lafiya.

Kawun Yara:
Ɗana, kar ka tunkari Babanku kai tsaye, zai ga kamar kuɗinsa ne ya bi ruwa. Samu ƙaninsa ko limamin garinku ku je bayan isha'i, ka fara da ramar yaron, kar ka fara da kwas. Kuma ka gane, Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks ɗin da zai rubuta don likitanci su ma suna shigar da shi noma, akwai tsangayar noma a BUK da Dutse da Wudil, JAMB kuma tana bari a canza kwas bayan sakamako ya fito. Ka gaya wa yaron wannan yau ɗin nan ya samu ya yi barci.

Ɗan Karkara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kawu, Baffanmu zai dawo daga cin kasuwar Gujungu ran Lahadi, da shi zan fara in sha Allah.