Sunan harafi ko sautinsa? Rigimar da ta tashi a zauren iyaye mata na Jidda da Makka

Maman Hanan: Salamu alaikum 'yan uwa, ina fata an wuni lafiya. Ni yau zan taɓo abin da na san zai ja min surutu amma sai na faɗa. Duk uwar da ta zaunar da ɗan shekara 4 tana rera masa ei bi si di, ko alif ba ta, wallahi ɓata lokacinta take, ƙila ma jinkirta masa karatu take ba ta sani ba. Sunan harafi ba ya karanta kalma, sauti ne ke karantawa. Hanan ta shekara tana rera waƙar nan har zed ba gargada, ran nan na rubuta mata cat ta ce si ei ti, na ce to haɗa mana, ta tsaya tana kallona kamar na yi mata Indiyanci. Da na koma foniks, wato koyar da sautin harafi, k a t, cikin sati uku ta fara haɗawa da kanta

Maman 'Yan Biyu: To fa. Ku jira ni in sauke tukunya, kar a fara ba ni

Hajiya Babba: Ke 'yar nan, ei bi si ɗinki ban san shi ba, ku kuka san shi. Amma ki cire alif ba ta daga bakinki. Mu da ambaki wau zal muka tashi a gaban malam da allo da tawada, haka iyayenmu, haka mahaddatan da kike gani suna rubuta Alƙur'ani da ka tun daga Fatiha har Nasi. Duk ɓata lokaci suka yi kenan?

Maman Hanan: Haba Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ni na isa. Amma ki duba shekara nawa yaro ke yi a babbaƙu kafin ya iya tashin karatu

Hajiya Babba: Wanda ya daɗe wasansa ne ya daɗe da shi. Kuma sunayen namu ba a banza aka sa su ba, kowanne hoton harafin yake ba ki. An baki wofi, kin ga bakinsa a hangame. Ɗa mai hannu, ga hannun nan a tsaye. Ha mai ruwa, ruwan shi ne ɗigon. Mim jaye an ja shi. Yaro ya ji sunan ya ga siffar, halas ya riƙe. In ya gama babbaƙu sai farfaru, ba da wasali bisa ba, wasali ƙasa bi, rufu'a bu, ga ɗauri ga ƙarfi. To wannan ba sautin da kike magana ba ne? Don dai ba Bature ne ya sa masa suna ba

Ummu Faisal: Hajiya ta gama magana wallahi. Maman Hanan kin haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, shi ne kuskurenki. Ni shekara 9 ina karantar da yara a tahfiz nan Rusaifa. A Larabci sunan harafi da sautinsa yake farawa, jim j, dal d, sin s, kaf k, alif ne kawai za ki tsaya ki yi bayani saboda hamza. Yaron da ya san suna ya riga ya riƙe rabin sautin. Turanci ne mai yaudara, ki ce dabliyu ina w a ciki, ki ce eich ina h, harafin wai kuma da w yake farawa alhali sautinsa y, si kuma ya zo a cat ya ce k. To laifin Turanci kar ki ɗora wa alif. Sannan ga tambaya ɗaya, yaron da bai san suna ba in ya buɗe Baƙara me zai ce a aya ta farko? Alif lam mim da suna ake karanta ta, in ya bi sauti ai alam zai ce. Sura 29 ne suka fara da irin waɗannan haruffa, shi ya sa a Ƙa'idar Nuraniyya, littafin koyon karatun Ƙur'ani, darasi na 1 sunaye ne, na 3 haruffan farkon surori, sai a na 4 ake shiga fataha da kisira da damma

Maman 'Yan Biyu: Ummu Faisal ta jefo gurneti 😂 Maman Hanan kina nan?

Maman Hanan: Ina nan daram. Na ji zancen alif lam mim, wannan gaskiya ne, amma ai ba da Baƙara ɗan shekara 4 ke farawa ba, sai a koya masa in ya kai. Ku buɗe Lugati, littafin Larabci na aji ɗaya da ake ba yaranmu a makarantun gwamnati a nan, da alif aka fara? Da mim aka fara, sai ba, lam, dal, nun, ra, kuma ma mi mu ake cewa daga ranar farko. Su ma'aikatar ilimi ba su san alif ne na farko ba? Ingila ma da harshensu ne, tun 2012 duk ɗan aji ɗaya sai an gwada shi da kalmomi 40, rabi ma ƙirƙirarru ne marasa ma'ana don a ga ko sauti yake haɗawa ko haddar siffar kalma ya yi

Ummu Faisal: A Lugati ɗin ma malama "harful mim" take cewa kafin ma mi mu. Suna da sauti tare suke tafiya. Jeri suka canza ba suna suka jefar ba

Anti Malama: Salam, yanzu na shigo na ga saƙo rututu. Ni na koyar da 'yan firamare a Kano kafin mu dawo Riyad, bari in sa baki. Maman Hanan a Turanci ina tare da ke, tsarin Jolly Phonics ma ba da a b c yake farawa ba, da s a t i p n yake farawa don yaro ya samu kalmomin haɗawa da wuri. Sai dai Turanci harafi 26 gare shi amma sautinsa ya kai wajen 44, kuma akwai kalmomi irin the da said da one da duk iya haɗa sautinki ba za su fito ba sai an haddace su. Babbar matsalar kuma mu ne iyayen, bakin Bahaushe ba ya son baƙi tsirara sai ya sa masa wasali, uwa za ta zauna da zuciya ɗaya ta ce sa, a, ta, haɗa, yaro ya haɗa maimakon sat ya ce sata. Ni da kunnena na ji wannan a gidan ƙanwata

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi sata 😂😂 an je koyon boko an dawo da sana'a

Anti Malama: Shi ya sa nake cewa in ba ki iya furta s ɗin nan ita kaɗai kamar hucin maciji ba, gara ki fara masa da Hausa. Ba be bi bo bu, ka ke ki ko ku, wasali 5 ne kuma abin da kika rubuta shi kika faɗa, yau ki koya masa b da k da a gobe ya karanta baba, kaka, baka, kuma ya san me ya karanta, wannan daɗin da yake ji shi ne ke jan shi gaba. In ya gane dabarar haɗawa a yaren da yake ji, ba sai an sake koya masa ita a Turanci ba

Maman Hanan: Anti da girmanki amma Hausa a Jidda wa zai tambaye ta a jarabawa? Tun 2021 aka sauko da Turanci aji ɗaya a nan, ga Larabci, ga Ƙur'ani, in ƙara mata na huɗu kanta ya fashe

Hajiya Babba: Haka kuke cewa, shi ya sa jikokina in na ce ina kwana sai su ce tamam

Maman Abdallah: ni dai ina karantawa ina shiru. ku da kuke gardamar Lugati kun samu ne. nawa biyu takardunsu basu fito ba har yanzu, ba makarantar da ta karbe su, nice malamar nice shugabar makaranta bayan na dawo daga shagala. allon roba na saya a shagon abu riyalen mai kayan araha da alli, da asuba nuraniyya da dare hausa kamar yadda Anti ta fada, don in Allah yayi mun koma gida kar su zama baki a can ma. babban yanzu shi ke karanta min sakon kakarsa a waya. suna ko sauti ni duk wanda ya shiga kansa ranar shi nake bi

Ummu Faisal: Allah ya kawo mafita ya uhti, ya fito musu da takardu cikin sauƙi. Ki min magana ta gefe, akwai halƙar mata bayan la'asar

Anti Malama: Amin. Sai dai Maman Abdallah ki sauke kibod mai ƙugiya, ki nuna masa ƙ da ɗ da ɓ tun yanzu. Kin rubuta kar su zama baki, na san baƙi kike nufi amma shi baki na cin tuwo zai karanta

Maman Abdallah: 😂 wayar ce Anti, zan gyara

Maman 'Yan Biyu: Tunda an zo nan ni ga tawa matsalar, ba suna ba sauti, hanya ce. Hassan ya rubuta sunansa da boko tsaf amma daga dama ya faro, sai da na kai madubi na karanta. Husaini kuma duk abin da ya ga zagaye rikicewa yake, o na Turanci, ha kuri, da biyar ta Larabawa duk ƙwai ɗaya ne a wurinsa. Ga p, na ce pen ya ce ben, ubansu ya ce ki rabu da shi ɗan ƙasar Bebsi ne. Anya haɗa musu biyun lokaci guda ba shi ne ya jawo ba?

Anti Malama: Shekarunsu nawa?

Maman 'Yan Biyu: 5 da wata biyu

Anti Malama: Ba komai, ko yaran da ba su taɓa ganin Larabci ba suna juya b da d a wannan shekarun. Ki raba musu littafi, na Larabci daban na boko daban, ki ɗiga jan ɗigo a gefen da za a faro, kuma kar ki yi su a zama ɗaya. P kuwa ki riƙe tishu gaban bakinsa, in ya faɗa daidai zai motsa

Hajiya Babba: Ni ma fa an kawo min ƙara. Na rubuta wa Walid allo irin namu na Warshu, malamarsa ta ce wai kakarka ta yi kuskure. Mu fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, su kuma a mus'hafin Madina ɗigo ɗaya a sama fa ce, ƙaf biyu. Yaro ya ga ƙul ya ce ful

Maman Hanan: Yawwa Hajiya! Kin gani, ke ma kin rikita shi

Hajiya Babba: Ɗigo ne ya rikita shi ba suna ba, kar ki juya min magana

Ummu Faisal: Hajiya wannan kam ki yi haƙuri ki bi Hafsu tunda shi zai ji a Harami da makaranta, in ya girma ya koyi Warshu, Mujamma'in Sarki Fahad ma suna buga shi

Hajiya Babba: In ya girma ina raye?

Maman Hanan: Allah ya ja kwana Hajiya. To ni dai na janye rabi, alif ba ta na bar muku saboda alif lam mim, amma waƙar ei bi si ba ta ƙara shiga gidana sai Hanan ta iya karatu

Anti Malama: Ranar da malama ta ce ta yi sifelin ɗin sunanta da baki za ki neme ta

Maman Hanan: Lokacin na koya mata, kwana biyu ne

Maman Rayyan: Salam jama'a ina duti yanzu na fito, saƙo 60, don Allah a taƙaice me aka yanke?

Maman 'Yan Biyu: An yanke kar ki ce sa a ta

Hajiya Babba: Duk wadda ke da mai zuwa Umra daga Kano a watan nan ta ce ya taho min da allo ƙarami guda biyu da alƙalamin gamba, zan biya. Maman Hanan ɗaya na Hanan ne, ki kawo min ita ranar Juma'a bayan la'asar