Robar zuba wa tsuntsaye abinci da na saya da araha, ko ita ke kashe su?

Maman Hanif:
Salam 'yan uwa, dan Allah mazauna Ingila ku taimaka min. Na sayi doguwar robar nan da ake ratayawa a bayan gida a zuba wa tsuntsaye hatsi, a shagon kayan araha, har da dunƙulen kitsen da ke zuwa cikin koren raga, niyyata sadaka kuma yara su riƙa kallo ta taga. To yanzu sai in ga wasu ƙananan a takure a ƙasa gashinsu a tashe, bakinsu jiƙe, ko an matso ba sa tashi, jiya ma na tsinci ɗaya a mace. Wlh hankalina ya tashi. Abincin ne ko robar?

Baban Zee:
Wslm Maman Hanif. Ki sauke ta yau yau ɗin nan, har da kwanon ruwan in kin ajiye. Wannan alamun sun yi kama da tirikomonosis, wata ƙwayar cuta ce da ke kumbura musu maƙogwaro su kasa haɗiya, sai mara lafiyar ya ɗauki ƙwayar hatsi ya tofar da ita da yawu wani ya zo ya ci, shi kenan ta yaɗu. Tun 2005 take ɓarna a ƙasar nan, koren tsuntsun da ake ce wa greenfinch ya ragu sosai har a 2021 aka saka shi a jerin waɗanda ke cikin haɗari, kuma a farkon 2025 ƙungiyar kare tsuntsaye ta ƙasar nan, RSPB, da kanta ta dakatar da sayar da teburan abinci masu shimfiɗaɗɗen sama saboda ita. Matsalar masu arahar nan yawanci gindinsu ba ya kuncewa, ruwan sama ya shiga hatsi ya jiƙe ya yi funfuna kuma ba ta inda za ki sa buroshi. Ki bar wurin ba abinci kamar sati biyu zuwa huɗu su watse tukun.

Anti Larai:
Ni ragar nan ce ma ta fi ba ni haushi, ban san dalilin da har yanzu ake sayar da ita ba. Ƙafarsu na maƙalewa a ciki su yi ta fafutuka har ta karye, ki yaga ki fitar da kitsen ki sa a mariƙin ƙarfe. Sannan gyaɗa 'yar uwa, kinga dai yadda a gida muke zubar da wadda ta yi funfuna, to dafin funfunar nan da ake ce wa afulatoksin hantar tsuntsu ma yake ci. Banda mai gishiri, kuma lokacin ƙyanƙyasa kar ki zuba ta guda guda, iyayen na kai wa 'ya'yan ta shaƙe su.

Mai Tattabaru:
Ikon Allah, ashe har can akwai ta. Mu masu kiwon tattabara mun san ciwon nan, in ka buɗe bakin za ka ga wani abu rawaya rawaya a maƙale, kuma ta kaskon ruwa yake bin garke. Hajiya ruwan nan kullum a canza, kaskon ya bushe ƙarau kafin a sake cikawa.

Dan Amurka:
Hajiya a kula da yaran ma fa. Nan wajenmu a 2021 an yi annobar salmonela, ƙwayar cutar nan mai sa gudawa da zazzaɓi, a tsuntsayen da ke zuwa cin abinci a gidaje har ta kama mutane, wasu sai da aka kwantar da su asibiti. Safar hannu in za ki ɗauki mushen, kuma kar a wanke robar a sinkin kicin.

Maman Hanif:
Na gode Allah ya saka, na sauke har na yaga ragar. Baban Zee in lokacin ya cika wace iri zan saya?

Baban Zee:
Wadda sama da ƙasanta ke kuncewa, mai bakin ƙarfe don kurege na gwaguyar roba ya bar kaifi. Wanki duk sati, ki zuba iya abin da za su cinye a kwana ɗaya ko biyu, ki riƙa sauya mata wuri, kuma nesa da shingen da kyanwa ke laɓewa.