Tatsuniyar kishiyar uwa ta shigo mini ɗaki: in hana ko in bari?

Matar Uba ta rubuta:

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na auri wani bawan Allah wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya mace. Yanzu shekarun yarinyar bakwai, a ɗakina take kwana, ni nake yi mata wanka da kitso. Da hutun makaranta ta je gidan kakarta, inda har yanzu ake tara jikoki a yi musu tatsuniya bayan sallar isha'i, ta dawo da labarin 'yar mowa da 'yar bora a bakinta, ga kuma katun ɗin Cinderella, yarinyar da matar ubanta ta azabtar, da take yawan kallo a wayar babanta. Ran nan ina tsefe mata kai sai ta ɗago ta tambaye ni, ba da wasa ba, ko idan na haifi tawa 'yar zan riƙa aikenta rafi mai nisa ita kaɗai. Ina ɗauke da juna biyu, kuma ta sani. Na rasa amsar da zan ba ta, na shiga ɗaki na yi kuka. Shin in roƙi surukata ta daina yi mata irin wannan tatsuniya, in kuma hana katun ɗin, ko in bari?

Malamin Hausa ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri bisa riƙon marainiya. Shawarata ita ce kada ki hana, domin ba tatsuniya ce ta haifar mata da tsoron nan ba. Yarinyar da ta rasa uwa, kuma tana ganin ƙani ko ƙanwa na tafe, dole zuciyarta ta yi ta saƙe-saƙe. Abin da tatsuniya ta yi shi ne ta ba ta kalmomin da za ta yi tambayar da su. Da ba ta ji labarin ba, da tsoron yana nan, sai dai ba za ki san da shi ba.

Muguwar matar uba kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba, kuma wani lokaci masu rubuta labarin ne suka ɗora mata laifin. 'Yan'uwan nan biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, da suka fitar da tarin tatsuniyoyinsu a 1812, a labarin Snow White uwar da ta haifi yarinyar ce take neman ranta saboda hassada. Sai a bugun 1819 suka mayar da ita matar uba. Tamu kuwa, idan kika saurare ta da kyau, mafarin ɓarnar maigida ne. Uwar 'yar bora tana raye, tana cikin gidan, amma mijinta ya fifita wata a kanta har ya zuba ido aka zalunci 'yarsa. Kalmomin mowa da bora kansu hukunci ne a kan namijin da ya kasa adalci tsakanin matansa.

Riƙon Inna ta amsa:

Malam, ka yi mini afuwa, ban gamsu gaba ɗaya ba. Ni matar babana ce ta raine ni tun ina shekara huɗu, ita ta yi jinyata da na yi ƙyanda, ita ta haɗa mini kayan ɗaki da za a yi mini aure. Duk da haka na girma ina jin maƙwabta suna tambayata a ɓoye ko tana ba ni abinci in ƙoshi, kuma idan ta tsawata mini kamar yadda kowace uwa take yi, sai in tuna da 'yar bora in ɗauka zalunci ne. Sai da na haihu na gane irin abin da baiwar Allah nan ta haɗiye. Labarin da yaro ya ji sau ɗari cikin dare yana zama ma'aunin da yake auna mutane da shi, kuma ni ban taɓa jin tatsuniyar da matar uba ta fito da kirki ba. Haka kuma yadda aka ba mu labarin, sakamakon 'yar mowa shi ne ta dawo gida da ayarin kutare da makafi, wanda bai kamata mu ci gaba da koya wa yara cewa lalura horo ce ba. Ban ce a hana ba, amma kada a ce ba ya barin tabo.

Kaka daga Damagaram ta amsa:

'Yata, jikata ce take rubuta mini wannan, ni kuwa ina faɗa mata. Kada ki je wurin surukarki da wannan magana, domin za ta ji kamar kin ce tana zuga yarinyar ne, ƙaramar magana ta zama babba. Ki karɓi tatsuniyar ki riƙa yi mata da bakinki. Ki shimfiɗa tabarma, ki ɗora kanta a cinyarki, ki ce "ga ta nan, ga ta nanku", ki jira ta ce "ta zo mu ji ta". Tatsuniya ba karatun allo ba ce da ake tsoron canza wasali. Mu ma da muke yi wa 'ya'yanmu, kowace tsohuwa da inda take ƙarawa da inda take ragewa. Idan kin zo wurin tsohuwar da ta ce wa yarinyar ta cuɗa mata baya, ki daɗe a nan, domin ladabinta ne ya kai ta ga arziki. Kutare da makafin da 'yar'uwarki ta ambata kuwa, ki cire su, ki ce ta dawo hannu rabbana. Kuma ba kullum marainiya ba. Akwai Gizo da Ƙoƙi, akwai kura da wautarta, ki bar yarinya ta yi dariya kafin barci.

Matar Uba ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na yi yadda Kaka ta ce, ko da yake muryata ta yi rawa da na zo wurin da aka kori yarinyar zuwa rafi. Da na ce "ƙurunƙus kan kusu" ba ta yi barci ba, sai ta tambaye ni me ya sa baban 'yar bora bai hana ba. Na ce mata ta ajiye wannan tambayar, gobe Juma'a babanta yana gida da dare, shi zai zauna a tabarmar ya amsa mata.