Neman kalma: me za mu kira "hurricane" kafin ƙarfe bakwai?

Mai Gabatarwa: Salama gare ku jama'a, barkanku da rana. Ina cikin matsi. Yau Talata 8 ga Oktoba 2024, ƙarfe bakwai na yamma zan shiga shirinmu na rediyo a nan Jos, kuma an miƙo mini rahoto in mayar da shi Hausa kan abin nan da ya tunkaro jihar Fulorida ta Amurka, wanda suka raɗa wa suna Milton. Rahoton a kan ƙungiyoyin Kirista ne da ke ɗaura ɗamara: 'yan Baftis na jihohin kudu na ƙasar Amurka masu rigunan nan ruwan ɗorawa da motocinsu na girki, da Salvation Army, da Samaritan's Purse ta Franklin Graham wadda ko ɓarnar Helene, irin wannan abin da ya afka musu a Satumba, ba ta gama kwashewa ba. Kalmomi uku suka tsaya mini a wuya: hurricane, storm surge, volunteers. Na san gidajen rediyon ƙetare "mahaukaciyar guguwa" suke cewa. Amma da na karanta wa mahaifiyata sai ta ce, "To guguwa ce za ta sa a tashi gari? Su shiga ɗaki su rufe ƙofa mana." Abin da ya tsayar da ni ke nan.

Bazazzagiya: Mama ta yi gaskiya. Guguwa a wurinmu ita ce wadda ke tasowa da rana tsaka lokacin bazara, ta yi ta juyi da leda da karmami, yara su watse ana cewa aljanu ne a ciki. Kafin ka gama a'uziyya ta wuce. Amma Yaya, kunnen mutane ya riga ya saba. Ki bar mahaukaciyar guguwa kawai, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Damagaram: Mu nan ma haka gidajen rediyo ke faɗi, ko su ce "iska mai ƙarfi". Ni dai "guguwar teku" ta fi kwanta mini. Gajeriya ce, ta kuma faɗi inda abin ya fito.

Fasto: 'Yata, me zai hana "hadarin teku"? Hadari yana ɗauke da ruwa da iska duka biyu, guguwa kuwa busasshiya ce.

Bazazzagiya: Baba Fasto, a rubuce ma da sauƙi. A rediyo rabin masu saurare haɗarin jirgin ruwa za su ji. Yaran yanzu ɗ da d duk ɗaya ne a bakinsu.

Malam Mai Ritaya: Assalamu alaikum. Na ga kowa yana ta kewaye-kewaye. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da Hausa, kuma tun lokacin Katrina, irinsa da ya afka wa Amurka a 2005, na ƙirƙiro wa abin nan suna: share-gaɓa. Harɗaɗɗen suna ne, aikatau da karɓau, irin ginin ci-rani da hana-salla da gagara-badau. Haka Bahaushe ke raɗa suna, ba da jera sifofi ba. "Mahaukaciyar guguwa" ba suna ba ne, zagi ne. Wani ne a Landan agogo ya matsa masa ya furta, duk ƙasa ta ɗauka kamar wahayi.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, share-gaɓa sai ka ce maganin sanyin ƙashi da ake tallarsa a tasha.

Malam Mai Ritaya: Gaɓar jiki daban, gaɓar kogi daban. Wasalin farko na gaɓar kogi dogo ne. Wanda kunnensa bai rarrabe wannan ba bai kamata ya sa baki a zancen fassara ba.

Na Tampa: Jama'a sannunku. Daga Orlando nake rubutu, jiya da daddare na iso da iyali daga Tampa, birnin da ke gaɓar yammacin Fulorida. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da rabi ta cinye mana kusan awa biyar a kan babbar hanyar I-4, gidajen mai da yawa sun ɗaure famfunansu da leda. Unguwarmu tana shiyyar A, ita ake fara kwashewa. Malama, ki ji abin da Mama ba ta gani ba. Abin nan faɗinsa ɗaruruwan kilomita ne, daga sama kamar faifai yake da rami a tsakiya. Jiya Litinin iskarsa ta kai kilomita 285 a awa, alhali mataki na biyar, wanda babu na sama da shi, daga 252 yake farawa. Duk da haka ba iskar ce ta kore mu ba. Mutanen nan suna da wata magana, wai iska a ɓuya mata, ruwa kuwa a guje masa. Cibiyar da ke sa ido kan abin a Miami ta ce teku na iya hawowa ƙafa 10 zuwa 15 a mashigin Tampa, wato mita 3 zuwa 4 da rabi. Gidana bene babu. Ki lissafa.

Mai Gabatarwa: Ubangiji ya tsare ku Yaya. To ka ga kalma ta biyun ce ma ta fi ta farko nauyi. Da "ambaliyar teku" na rubuta.

Ɗan Maiduguri: Ambaliya mun san ta, wata ɗaya ke nan da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga mana gari cikin dare. Kalmar tana da nauyi yanzu, duk wanda ya ji zai gane ba wasa ba. Allah ya kiyaye ku Alhaji.

Na Tampa: Amin, Allah ya mayar muku da alheri. Sai dai akwai bambanci. Ambaliyar ruwan sama ma tana cikin hasashen, ita daban suke faɗinta. Wannan kuwa iska ce ke turo tekun kanta ta hau tudu, kamar ka hura shayi a faranti ya taru gefe guda. Mashigin Tampa ba shi da zurfi, shi ya sa ake tsoro. Idan idon abin, wato ramin nan na tsakiya, ya sauka arewa da mu, ruwa zai cuso ciki. Idan ya sauka kudu, sai ya zuƙe ruwan ya fitar. Lokacin Ian a 2022 da idona na ga mutane suna tafiya a ƙasa cikin taɓo inda jiya jiragen ruwa ke wucewa. Tun 1921 rabon da babba ta faɗo wa Tampa kai tsaye.

Bazazzagiya: To "tumbatsar teku".

Fasto: Ko "toroƙon teku". Kogi in ya kumbura ya cika ya batse ai toroƙo muke cewa ya yi.

Malam Mai Ritaya: Toroƙo ta fi. Tumbatsa daga cika take zuwa, kamar randa in an yi ta zuba mata ruwa. Toroƙo kumburowa ce da fushi. Wannan Fasto ya san Hausa. Saboda haka jimlar ta zama: share-gaɓa za ta haddasa toroƙon teku. Kun ji yadda ta zauna?

Na Tampa: Malam, da girmamawa, Helene da ta sauka ran 26 ga Satumba ta kashe mutum sama da 200, kuma jihar da ta fi asarar rayuka ita ce Karolina ta Arewa, can cikin duwatsu wajen Asheville, ɗaruruwan kilomita daga teku. Hedikwatar Samaritan's Purse ɗin ma a garin Boone take, cikin duwatsun, ruwan ya same su har gida. Wace gaɓa aka share a can?

Malam Mai Ritaya: Suna ba ta'arifi ba ne. Hana-salla ma ba ta taɓa hana kowa salla ba.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ban gane ba, me ya sa ba za a ce "hariken" a huta ba? Turawan ma aro suka yi. Daga bakin mutanen Taino na tsibiran Karebiyan Sifaniyawa suka ɗauko ta, Ingilishi ya karɓa, Faransanci ya mayar da ita ouragan. Ba wanda ya ce harshensu ya mutu.

Malam Mai Ritaya: Zanen aro ba ya rufe katara. Balarabe yana da i'isar, tana cikin Alƙur'ani ma, a Baƙara. Mai Suwahili yana da kimbunga. Sai Hausa, mai masu magana miliyoyi daga Kumasi har Sudan, ita ce za ta tsaya da ƙoƙon bara? Wannan lalacin ne ya sa yaranmu ke cewa "zan yi calling ɗinka".

Ɗan Maiduguri: Malam, kalmar kasuwa ma daga wurinmu kuka are ta, har yau ba ku dawo da ita ba.

Bazazzagiya: Suwahili suna da teku a ƙofar gida, Malam, guguwar Idai ta 2019 a maƙwabtansu Mozambik ta yi ɓarna. Mu ina muka ga teku? Kakata har ta rasu kogin Kaduna ne babban ruwan da ta taɓa gani.

Malam Mai Ritaya: Ba mu da teku amma hadarinmu ne ke haifar da yawancin manyansu. Hadarin damina da ke ratsa Sahel ya yi yamma, shi ne ke faɗawa Atlantika ta wajen tsibiran Kef Bad, ya sami ruwa mai ɗumi ya girma. Ɗanmu ne ya je ƙetare ya yi suna, sai a ce ba mu da ikon raɗa masa na gida?

Na Tampa: Wannan gaskiya ne ga da yawansu. Amma Milton a tekun Meziko aka haife ta.

Ɗan Damagaram: Kuma in za a bi ta asali, hadarin ta kanmu yake fara bi kafin ku. Amma in an tashi daidaita Hausa sai a zauna a Kano a yanke, mu sai dai mu ji a rediyo.

Malam Mai Ritaya: A Yamai aka yi taron daidaita rubutu na 1980, ɗana. Ka tambayi manyanka.

Mai Gabatarwa: Don Allah iyayena, ƙarfe biyar da kwata. Ba a ma taɓa ta ukun ba. Na rubuta "'yan sa-kai".

Bakatsine: Tun ɗazu ina karatu ban yi magana ba, amma nan dole in tsoma baki. Hajiya, kada ki kuskura. A Katsina da Zamfara in kika ce 'yan sa-kai sun nufi gari, bindiga ƙirar gida mutane za su hango. Ki ce Kiristoci 'yan sa-kai sun taru a rediyon Jos kuma? Rufa mana asiri.

Mai Gabatarwa: Wayyo, ban ma kawo wannan ba. Na gode ƙwarai. "'Yan agaji" fa?

Bakatsine: Ta fi, sai dai ita ma kaki da bel take kawo wa ido, irin masu tsare sahu ranar Juma'a da wajen wa'azi.

Fasto: A ikilisiya "masu hidima" muke cewa, amma wanda ba ya zuwa sujada zai ɗauka masu ɗaukar baiko ne. Me suke yi takamaimai?

Na Tampa: Kafin in taso, matasan wata coci a layinmu suna cika buhuna da yashi suna jera wa tsofaffi a bakin ƙofa, wasu suna buga falanki a tagogi. Babban aikin shi ne tarkacen Helene: katifu jiƙaƙƙu, firji, kujeru, an tula su bakin titi kwana goma sha biyu, kuma in iska ta zo duk makamai za su zama. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ƙi tafiya saboda kyanwowinta uku, sai da wasu mata biyu daga cocin suka zo da kwali suka kwashe ta da su zuwa makarantar da aka mayar mafaka. Manyan ƙungiyoyin kuwa ba sa shiga yanzu. Suna ajiye motocin girki da zartunan inji da tamfol a wajen hanyar iskar, sai ta wuce su shigo, masu dafa abinci su dafa, masu yanke itatuwan da suka faɗi su yanke, masu kwashe laka daga ɗakuna su kwashe. Ba a biyansu ko sisi, da yawansu ma 'yan fansho ne.

Bazazzagiya: Ai wannan gayya ce.

Malam Mai Ritaya: Gayya ta maƙwabta ce, kuma ana sa ran ramawa. Wanda ya tuƙo mota daga wata jiha don mutanen da bai sani ba, aikin Allah yake yi. Ki ce "masu aikin agaji don Allah". A nan ba na jayayya.

Mai Gabatarwa: Alhamdu. Tambaya ta ƙarshe: Milton sunan namiji ne. "Ya tunkaro" ko "ta tunkaro"? Na ga ni kaina ina ta haɗa su.

Malam Mai Ritaya: Jinsin kalmar da ke gaba ake bi. Guguwar Milton ta. Ko guguwar Buhari da aka yi ta faɗi a 2015 "ta" aka ce mata, ba wanda ya yi ƙorafi.

Ɗan Damagaram: Malam ya ce guguwa da bakinsa. A rubuta.

Malam Mai Ritaya: Misali na bayar.

Mai Gabatarwa: Ga yadda zan buɗe: "Gagarumar guguwar teku da ake kira Milton, mai tafe da ruwa da iska, ta tunkaro gaɓar yammacin Fulorida, inda ake sa ran saukarta gobe Laraba da dare. Hukumomi sun umarci mazauna bakin ruwa su tashi saboda toroƙon teku, wato iska ta turo teku ta hau kan gidaje, yayin da Kiristoci masu aikin agaji don Allah ke taya tsofaffi da marasa ƙarfi ficewa." Na karanta wa Mama ta waya. Ta ce, "Teku ta hau gida? To su gudu mana."

Bazazzagiya: Ta yi. Ni dai na san jibi kowa mahaukaciyar guguwa zai koma.

Malam Mai Ritaya: "Gagaruma" ta fi "mahaukaciya" mutunci, wannan na yarda. Sauran kuwa jeren kalmomi bakwai ne a inda biyu za su isa. Ki dai ambaci share-gaɓa sau ɗaya a ƙarshen shirin, ki ce wani dattijo ne ya kawo, mu ji abin da masu saurare za su ce.

Mai Gabatarwa: Baba, in lokaci ya rage. Na shiga situdiyo. Yaya na Tampa, za mu sa ku cikin addu'ar rufe shiri.

Na Tampa: Mun gode. An ce nan Orlando ma mu cika bahon wanka da ruwa, wuta za ta ɗauke. In kun ji ni shiru gobe, caji ne.